WA YA ƘIRGA TSOFAFFIN SABUWA?

A ƙasarmu akan ƙirga abin da ake so a karɓa, ba a cika ƙirga abin da ya kamata a bayar ba. Zamanin En'e, babu namijin da ya isa biyan haraji da sunansa bai shiga littafin dagaci ba, babu saniyar da ta kuɓuta daga idon malamin jangali sai da wahala. A yau kuwa ana ƙirga masu jefa ƙuri'a rumfa rumfa, ana ƙirga yaran da za a ɗiga wa maganin shan inna gida gida. Amma a je hedikwatar ƙaramar hukumar Sabuwa, ko ta Faskari, ko ta Ƙanƙara, a tambaya: tsofaffi nawa ne a ƙasarku suka wuce shekara 60? Nawa ne a cikinsu suke kwana su kaɗai? Nawa ne suke riƙon jikoki marayu? Mun tabbata mai tambaya zai sha kallo, domin ba wanda aka taɓa ɗora wa nauyin sanin wannan amsa.

Mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata, waɗanda aka sayar da masara da auduga aka biya mana kuɗin makaranta, muna ganin wannan rashin sani abin kunya ne a gare mu, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da muke da shi a hannu

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta shekarar 2006, wadda ta ba ƙasar mutum miliyan 140 da ɗoriya, ta kuma ba Jihar Katsina miliyan 5.8. A cikin wannan adadi Sabuwa ta sami fiye da 130,000, Faskari ƙasa kaɗan da 200,000, Ƙanƙara kuma fiye da 240,000. Wato mazaɓar nan ta ƙananan hukumomi uku ta haura rabin miliyan tun a wancan lokaci. Masana suna ƙiyasta cewa 'yan shekara 60 zuwa sama su ne kashi 4 ko 5 cikin 100 na jama'ar Nijeriya. In muka auna mazaɓarmu da wannan mudu, tsofaffinta sun haura 20,000 tun a 2006. Wannan lissafi namu ne na kan tebur, kuma iyakar abin da kowa zai iya yi ke nan, domin ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta a watan Afrilu na wannan shekara. Jaririn da aka haifa ranar da aka yi ta 2006 ya riga ya isa jefa ƙuri'a, dattawan da aka ƙirga kuwa da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Tarihin ƙidaya a ƙasar nan ma ba mai daɗin ji ba ne. An soke ta 1962, an yi gardama a kan ta 1963, an soke ta 1973. Dalili kuwa sananne ne: an mai da ƙidaya ta zama ma'aunin rabon kujeru da rabon kuɗi, saboda haka kowa jimilla yake dubawa. Ba wanda yake buɗe shafukan ciki ya ga su wane ne mutanen, shekarunsu nawa, da wa suke zaune.

Akwai kuma binciken lafiya da yawan jama'a da ake yi lokaci lokaci tun daga 1990, wanda shi ne mafi inganci da muke da shi. To amma tambayoyinsa masu zurfi ana yi wa mata ne 'yan shekara 15 zuwa 49, da maza 'yan 15 zuwa 59. Tsohuwar gida sai dai a rubuta sunanta da shekarunta a jerin mutanen gida a wuce. Da mace ta cika 50, takardar ta gama da ita, kamar dai an ce amfaninta ga ƙasa ya ƙare ranar da ta daina haihuwa.

Wani zai ce ai ƙiyasin tsawon rai a Nijeriya bai wuce shekara 54 ba, ina ma tsofaffin suke? Wannan rashin fahimtar lissafi ne. Mace-macen ƙananan yara ne suke jan adadin ƙasa. Wanda Allah ya kai shi 60, a bisa ƙiyasi yana da sauran fiye da shekara 10 a gaba, shekarun da ƙarfi yake raguwa, ido yake dushewa, kuɗin magani yake ƙaruwa.

"Ai mu muna riƙon iyayenmu"

Duk sa'ad da aka ta da wannan magana, amsar da ake bayarwa guda ce: mu ba Turawa ba ne, ba mu kai iyayenmu gidan gajiyayyu, ɗa yana riƙon ubansa. Muna alfahari da wannan ɗabi'a, addini ma ya wajabta wa ɗa ciyar da iyayensa in sun rasa. Amma alfahari ba hujja ba ne. Abin tambaya shi ne, riƙon nan a kan me ya dogara, kuma ginshiƙin yana nan ko ya ruɓe?

Ginshiƙin dai shi ne gandu. Uba yana da gona, 'ya'yansa maza masu aure suna yi masa aiki, shi kuma yana ciyar da su, yana biya musu haraji, yana yi musu aure, yana ba kowa gayaunarsa. In ya tsufa sai ya zauna a zaure, rumbu yana cika da ƙarfin 'ya'yansa. Gandu shi ne fenshon manomi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta bi gida gida ta auna gonaki ta rubuta wa yake gandu da wa, ta buga littafinta a 1972. Abin da ta nuna shi ne gandu yakan yi ƙarfi a gidan mai wadata, ya yi rauni a gidan matalauci, domin uban da ba shi da isasshiyar gona ba shi da abin da zai riƙe ɗa da shi. In haka abin yake fiye da shekara 50 da suka wuce, sa'ad da ƙasa take da yawa, ina ga yanzu da gado ya yanyanka gonaki, samari suka tafi Kaduna da Abuja da Ikko neman kuɗi?

Ga kuma abin da Polly Hill ba ta gani ba. Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suna cikin ƙananan hukumomi takwas na Jihar Katsina da suke bakin daji, waɗanda ta'asar 'yan bindiga ta fi shafa. Duniya ta ji labarin Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na waɗannan garuruwa uku, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya na wasu watanni. An rubuta adadin waɗanda aka sace da waɗanda aka kashe, gwargwadon iko. Ba a rubuta abin da ya sami dattijon da ɗansa yake aiko masa da kuɗi daga birni ta hanyar waya ba, ko tsohuwar da akuyarta ce asusunta, ko wanda aka sayar da gonarsa da shanun hudarsa aka biya kuɗin fansa. In an watse daga ƙauye, wanda ba ya iya gudu shi ake bari. In an kashe magidanci, 'ya'yansa wurin kaka suke komawa. Ta haka riƙo yakan juya: wanda ya kamata a ciyar shi yake ciyarwa. Gida nawa ne haka ta faru a Damari, ko Machika, ko Gazari, ko Dugun Mu'azu? Tambayar da muke so a amsa ke nan.

Batun mata ya fi kowanne buƙatar a duba shi. A ƙasarmu yarinya takan auri wanda ya girme ta da shekaru masu yawa, saboda haka mafi yawan mata sukan ga mutuwar mazajensu. Tsoho in matarsa ta rasu yakan sake aure, ko kuwa dama yana da wata. Tsohuwa kuwa in ta gama takaba, rabonta a gado tumuni ne in akwai 'ya'ya, shi ma a raba shi tsakanin kishiyoyi. Mai ɗa namiji takan koma ɗaki a gidan ɗanta. Wadda ba ta haihu ba, ko 'ya'yanta suka mutu, sai ta nemi gidan ɗan uwa, ko ta yi auren ɗauki-sandarka, ko ta shiga bara ranar Juma'a. Littafin da ya fi kowanne bayyana rayuwar tsohuwar Bahaushiya shi ne labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa, ba nisa da Sabuwa, aka buga a 1954. Baba ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ne suka zama nata. Fiye da shekara 70 ke nan, kuma har yanzu in ɗalibi yana neman abin karantawa a kan tsufan mata a wannan yanki, can ake tura shi.

Fensho na 'yan kaɗan ne

In an ce ritaya, mu ma'aikata abin da yake zuwa mana a rai shi ne shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, sai garatuti, sai fensho. Dokar fensho ta 1979 ta ɗora nauyin duka a kan gwamnati, bashi ya taru har ya gagari biya. A 2004 aka kawo tsarin adashi, aka gyara shi a 2014, inda ma'aikaci yake zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ɗaukarsa aiki ya zuba kashi 10. A 2022 aka ƙara wa malaman makaranta wa'adi zuwa shekara 65 ko 40 a bakin aiki. Ya zuwa 2023 masu asusun fensho sun haura miliyan 10, a ƙasar da jama'arta ta wuce miliyan 200, wadda kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a cikinta ba su ƙarƙashin wani ofis ko kamfani mai rajista. An buɗe ƙaramin tsarin fensho na masu sana'ar hannu a 2019, amma manomin da kuɗi yake shigo masa sau ɗaya a shekara, ranar da ya kai masara kasuwar Ɗandume, yaya za a ce ya riƙa zubi wata wata?

Saboda haka a Sabuwa masu fensho su ne tsofaffin malaman firamare, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da malaman asibiti, da 'yan tsirarun tsofaffin soja da 'yan sanda. Su kaɗai ne tsofaffin da gwamnati take ƙirgawa, kuma dalilin ƙirga su shi ne a tabbatar ba su mutu ba. Ana kiran su tantancewa, su bi layi da sanda a hannu. Ba a tambayarsu ko kuɗin yana isa. Tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa duba fensho duk shekara biyar, ko duk sa'ad da aka duba albashi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 30,000 a 2019 zuwa Naira 70,000 a 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Mudu nawa na masara fenshon tsohon hedimasta yake saya a yau, in an gwada da ranar da ya ajiye aiki? Wannan lissafi ne da ɗalibin shekarar farko zai iya yi, in an ba shi takardun.

Tsarin mulkin nan dai, a sashe na 16, ya sa kula da tsofaffi da fensho cikin abubuwan da hukuma za ta nufa domin 'yan ƙasa duka, ba ma'aikata kaɗai ba. An kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da dokar 2017, an kuma amince da manufar ƙasa a kan tsufa a 2021. Muna maraba da su. Amma manufar da ba ta san yawan mutanenta ba kamar mai rabon tuwo ne a cikin duhu.

Yadda wasu suka yi

A Amurka, tun 1992 Jami'ar Michigan take bin mutane kimanin 20,000 da suka wuce shekara 50, tana koma musu duk shekara biyu da tambayoyi a kan lafiya da dukiya da aiki da iyali. Ingila ta fara irin nata a 2002, ƙasashen Turai suka haɗu suka fara nasu a 2004. Hikimar abin ita ce komawa wurin mutum guda sau da yawa. Ƙidaya ta rana ɗaya tana nuna cewa wance matalauciya ce. Bibiya ita take nuna ko mutuwar miji ce ta jefa ta talauci, ko ciwo, ko tafiyar ɗa.

Kada a ce wannan aikin masu kuɗi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi irinsa a Gana da Afirka ta Kudu daga 2007. A nan gida, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan sun fara bin tsofaffi fiye da 2,000 'yan shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa daga 2003. A Arewa ma muna da gadon irin wannan aiki. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun ƙirga jama'ar ƙauyukan Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, suna rubuta haihuwa da mutuwa. A Nahuce ta Jihar Zamfara an kafa cibiyar bibiyar jama'a fiye da 100,000 wajen 2010. Hankalin waɗannan ya fi karkata ga cututtuka da mata masu ciki da yara, amma sun tabbatar da cewa ƙauyen Hausa yana ƙirguwa.

Amfanin lissafi kuwa ya bayyana a Afirka ta Kudu. Da aka faɗaɗa fenshon tsufa ga baƙar fata a farkon shekarun 1990, masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta auna yaran gidajen da kuɗin ya shiga, ta tarar 'yan matan da suke zaune da kaka mace mai karɓar fensho sun fi samun tsawo da nauyi. Ashe kuɗin da aka ba tsohuwa a cikin jikoki yake ƙarewa. Lesotho, wadda ba ta kai Jihar Katsina yawan jama'a ba, ta fara ba duk ɗan shekara 70 fensho a 2004. Jihar Ekiti ta gwada ba 'yan shekara 65 marasa galihu Naira 5,000 a wata daga 2011.

Masu ja da maganarmu

Za a ce ƙidaya ba ta cika ciki. Gaskiya ne. Amma a ɗauka, misali, an yanke a ba kowane tsoho Naira 10,000 a wata. In su 10,000 ne, Naira biliyan 1.2 ke nan a shekara. In su 20,000 ne, biliyan 2.4. Wane kwamishinan kuɗi zai sa hannu a kan alkawarin da bai san ko ɗaya ne ko ninkinsa ba? Rashin adadi shi ne mafakar mai son ya ce ba zai yiwu ba.

Za a ce mutanenmu ba su san shekarunsu ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya duba takardun ƙidaya zai ga jama'a sun taru a kan 60 da 70 da 80, kamar ba a haifi kowa a tsakani ba. Maganinsa tsoho ne: a yi jerin abubuwan da kowa ya sani. Kina da aure ranar da aka kashe Sardauna a 1966? Kana biyan haraji sa'ad da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, ko aka canza fam zuwa Naira a 1973? Ɗanka na fari an haife shi kafin rasuwar Sarki Usman Nagogo a 1981 ko bayanta? Da tambaya uku ko huɗu za a kusanci gaskiya.

Za a ce da an ji ƙamshin kuɗi sunayen bogi za su cika littafi, kuma a wurin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke, rubuta wanda yake da ɗa mai aiko da kuɗi hatsari ne. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ba ma raina ta. Amsarmu ita ce a raba bincike da rabo. Mai bincike kada ya yi alkawarin ko sisi. A ajiye sunaye dabam da amsoshi, a kulle su a jami'a, abin da zai fita waje jimilla ce kawai. Inda hanya ba ta da lafiya a fara da cikin gari da wuraren da 'yan gudun hijira suka sauka, a kuma faɗa a fili cewa ga inda ba a kai ba.

Abin da muke nema

Na farko, muna kira ga jami'o'inmu, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta tarayya a Dutsinma, da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Bayero a Kano, su haɗa hannu su kafa bincike mai ɗorewa a kan 'yan shekara 50 zuwa sama a kudancin Katsina, a fara da Sabuwa, a riƙa komawa duk shekara biyu. Tambayoyin kada su yi yawa: da wa kake zaune, wa yake ciyar da kai, wa kake ciyarwa, kana iya zuwa gona, kana gani, kana ji, yaushe rabonka da asibiti, gonarka tana hannunka? A yi su da Hausa da Fulatanci, mata su tambayi mata a cikin gida, domin mai gida ba ya iya amsawa a madadin mahaifiyarsa.

Na biyu, muna kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara su ba da hutun ƙarshen shekara guda ga wannan aiki, ƙarƙashin malaman da suka san ƙa'idarsa, da izinin hakimai da dagatai da masu unguwanni. Kundin kammala digiri nawa muke rubutawa a kan abin da ba mu taɓa gani ba, alhali ga abin rubutu a zauren gidanmu?

Na uku, 'yan uwanmu ƙananan ma'aikata da suke riƙe da rajistar asibiti, da fayil ɗin fensho, da jerin 'yan gudun hijira, su riƙa cika gurbin shekaru da gaskiya, su kuma riƙa ware 'yan 60 zuwa sama a cikin rahotonsu na wata. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, layi guda ne a takarda.

Na huɗu, duk ranar da aka tashi yin ƙidayar ƙasa, wakilanmu a majalisa su nemi a buga sakamakonta mazaɓa mazaɓa, da shekaru, da jinsi, da halin aure, a ajiye kofi a kowace sakatariya inda kowa zai iya dubawa.

Waɗanda suka shiga aji ɗaya a shekarar ilmi kyauta ta 1976 suna dab da cika 60. Mu da muke aji a yau, ko muke matakin albashi na 8, layin da muke ke nan, bambancin kawai nisa ne. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Littafin da muka buɗe wa tsofaffin Sabuwa a bana, a cikinsa za a nemi sunayenmu wata rana. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.